Littafin Jinyar Hajiya

Ranar da aka sallami Hajiya daga asibiti har sadakar ƙosai muka yi. Kwana 16 muka shafe muna kwana a baranda kan tabarma, saboda haka da likita ya ce mu tafi gida, sai kowa ya sauke ajiyar zuciya. Aka miƙo mana ledar magani da katin dawowa bayan mako huɗu, muka ɗauko ta mu huɗu muka kwantar a bayan motar maƙwabcinmu, muka nufo unguwarmu Jekadafari a garin Gombe. Babu wanda ya zaunar da mu ya ce ga yadda ake kwantar da ita, ga yadda ake ba ta ruwa. Mu ma ba mu tambaya ba, don a ganinmu wa zai koya wa ɗa kula da uwarsa?

Ciwon ya same ta ne da asuba, a watan Fabrairun 2023, ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, lokacin da mutum zai kasance da kuɗi a banki amma ba shi da na Keke Napep a aljihu. Ta fito alwala, buta ta suɓuce mata, ta zube a bakin rariya. Autarmu ce ta ji faɗuwar. Ko da muka ɗago ta baki ya karkace, hannun dama ya saki, magana ba ta fita. Hoton kai ya nuna jijiyar jini ce ta toshe a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa ɓarin dama ya shanye kuma harshe ya ɗaure. Hawan jini ne sila. Ta daɗe da shi, tana shan magani idan kai ya sara, ta ajiye idan ya lafa, mu kuma muna kallo.

Makonni ukun farko a gida, idan ka shigo sai ka rantse babu mara lafiyar da ta kai Hajiya gata a garin Gombe. Takalma cike da ƙofar ɗaki. Dangi daga Kumo, daga Dukku, daga Bajoga, kowa da ledar lemo da ayaba, kowa kuma da maganin da ya warkar da wani da ya sani. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce a nemo mai gashi, Goggo ta zo da galan na rubutu. Ƙanina da ke aiki a Kaduna yana turo kuɗi, ƙanwata da ke aure a Kumo tana zuwa duk Asabar. Ni kuma, da yake ni ne ɗan fari kuma akwai kunya tsakanina da ita, aikina shi ne in tsaya daga bakin ƙofa in ce, "Hajiya, ya jiki?" in wuce kyamis in biya kuɗi. A raina na sauke nauyi.

Wata Talata da daddare maiɗakina ta tare ni a tsakar gida, murya ƙasa-ƙasa.

"Abbansu, akwai abin da ya kamata ka sani. Bayan Hajiya ya buɗe."

Ban gane ba sai da ta kwatanta da yatsu. A ƙasan gadon bayanta, daidai ƙashin da mutum ke dannewa idan ya kwanta rigingine, fata ta salaɓe, rami ya fito kamar faɗin murfin kwalba, yana ruwa, har ya fara wari. Kwana huɗu ke nan suna zuba masa hodar kafso ita da Auta, suna jin nauyin faɗa mini.

Washegari muka koma asibiti. Nas ɗin da ta wanke ciwon ba ta yi mana faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Tambaya ta yi.

"Sau nawa kuke juya ta a rana?"

Na ce ai kullum akwai mutane a wurinta.

"Na ji. Jiya tsakanin sallar isha da asuba, wa ya juya ta?"

Na dubi maiɗakina, ta dubi Auta, Auta ta sunkuyar da kai. Ta sake tambaya ko ta sha maganin hawan jininta da safe. Auta ta ce ta ɗauka Anti ta ba ta, maiɗakina ta ce ta ɗauka Auta ta ba ta. Da muka dawo gida muka ƙirga ƙwayoyin, sai muka tarar na wani katin sun yi saura fiye da kima, na wani kuma sun ƙare kafin lokaci. Wato wata rana ba ta sha ba sam, wata rana ta sha sau biyu. Mutum fiye da goma a gida, duk masu ƙaunarta, amma babu sa'a ɗaya da za a ce ga mai ita.

A bayan layinmu akwai wata tsohuwar nas da ta yi ritaya, kowa Sista yake ce mata. Na je na same ta bayan la'asar na roƙe ta ta zo ta riƙa wanke ciwon, mu biya ta. Ta ce za ta zo, amma da sharaɗi: ba za ta wanke gyambo da safe mu kuma mu ɓata shi da dare ba, sai in za mu koyi aikin.

Abin da ya fara ba ni mamaki, da ta shigo ba ciwon ta fara dubawa ba. Ta durƙusa ta gaida Hajiya, ta faɗa mata ko ita wace ce da abin da ya kawo ta, ta nemi izininta, sannan ta miƙe tana bin ɗakin da kallo. Gadon yana manne da bango, ta ce a jawo shi tsakiya yadda mutum biyu za su tsaya ta kowane gefe. Ta danna katifar da hannu, ta ga ta lotse a tsakiya har ana jin katako. Ta ɗaga zanin gado ta ga ledar da muka shimfiɗa, jikin Hajiya yana kanta kai tsaye a wasu wuraren, ga zafin watan Maris na Gombe, gumi da fitsari duk suna taruwa a nan. Ta ce leda ta zauna a ƙasa, zanin auduga a sama, a ja shi ya miƙe sumul, don ko tattarewar zani da ɓarɓashin biredi suna cin fatar wanda ba ya motsi. Ta sa aka naɗe kafet, aka buɗe tagar da muka toshe saboda tsoron iska.

Sai ta tara mu ta yi mana bayanin da har yau ina jin haushin ban same shi ba tun ranar sallama. Mai lafiya ko yana barci jikinsa yana juyawa da kansa idan wuri ya gaji. Wanda ɓarinsa ya shanye ba ya iyawa, wani lokacin ma ba ya jin gajiyar. Nama ya matse tsakanin ƙashi da katifa, jini ya kasa shiga, wurin ya mutu daga ciki kafin a gani a waje. Ta nuna mana wuraren ɗaya bayan ɗaya: ƙasan baya, kwatangwalo, diddige, idon sawu, gwiwar hannu, kafaɗa, ƙeya. Ta ce littattafan da suka karanta sun ce a nemi wurin da ya yi ja, amma a fatarmu ja ba ya nunawa sosai. Mu nemi inda ya fi sauran duhu ko sheƙi, mu taɓa da bayan hannu mu ji ko ya fi zafi ko tauri. In an samu, kada a murza shi da man zafi, a ɗauke masa nauyi kawai. Maganin duka shi ne juyi, duk bayan awa 2, dare da rana.

Daga nan ta aiki ɗana shago ya sayo littafin rubutu na 'yan makaranta, mai 60. Ta ja layuka da biro: lokaci, ɓangaren da aka kwantar da ita, abin da ta ci, magani, fitsari da bayan gida, awon jini, sai layi na ƙarshe, sunan wanda ya yi. Ta ɗaure biron da zare a jikin gadon.

Gaskiya da farko abin ya yi mini banbaraƙwai. Uwata ce, ba ofis ba, a ce sai an sa hannu an ba ta kunu? Goggo ma cewa ta yi boko ya shigo har cikin jinya. Amma mako ɗaya littafin ya yi ya tona mana asiri gaba ɗaya. Daga 6 na safe zuwa 10 na dare, sunaye biyu ne kawai ke maimaituwa, maiɗakina da Auta. Daga 10 zuwa asuba shafin fari fat, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Sunana bai fito ko sau ɗaya ba. Nan na gane dalilin da ya sa maiɗakina ta rufe keken ɗinkinta da zani tun watan jiya, da dalilin da take dafa ƙugu in za ta miƙe daga sallah. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Wace suruka ce za ta buɗe baki ta ce ta gaji da jinyar uwar miji, a garin nan?

Ranar Asabar na tara 'yan'uwa, na Kaduna a waya. Na ajiye littafin a tsakiya ban ce komai ba, kowa ya duba. Taron bai yi daɗi ba. Ƙanwata ta yi kuka ta ce ana nufin ba ta kula da mahaifiyarta, ƙanina ya ce shi da yake turo kuɗi me kuma ake so ya yi. Sai da aka kai ruwa rana kafin aka tsaya a kan abu uku: kowa zai riƙa sa adadi sananne duk ƙarshen wata a hannun mutum ɗaya, ba sai an roƙa ba; za a ɗauki mai jinya ta rana; dare kuma a raba shi.

Neman mai jinya nan ma mun yi tuntuɓe. Aka kawo mana wata yarinya daga ƙauye, da ƙyar in ta kai shekara 14, irin waɗanda ake kawowa aikatau. Sista tana ganinta ta kira ni gefe ta ce, "Malam, wannan ita ma kula take buƙata. Ka ɗora mata nauyin babbar mace, ka karya mata baya, ranar da Hajiya ta suɓuce mata kuma ku ce laifinta ne." Na ji kunya ƙwarai, don ni malamin makaranta ne, sa'o'inta nake koyarwa. Muka sallame ta da kuɗin mota da ɗan abin da ya samu. Wannan ɗabi'a ta damƙa tsofaffi da marasa lafiya a hannun ƙananan 'yan aiki ta yi yawa a gidajenmu, kuma zalunci ne ta fuska biyu.

Ta biyun bazawara ce daga Pantami, mai kimanin shekara 45, wadda ta yi jinyar mijinta shekara biyu kafin ya rasu. Adda muke ce mata. A wannan karon mun zauna mun yi magana a fili tun kafin ta fara: ga albashinta da ranar biya, ga lokacin zuwa da tashi, Juma'a hutunta ne, kuma aikinta Hajiya ce kaɗai, ba wanke-wanken gida ko aiken yara ba. Wannan na ƙarshen sai da na tsaya a kansa, don cikin mako biyu an fara "Adda ɗan ɗora mana ruwa," "Adda ɗan riƙe mini yaron nan." Sista ta yi kwana uku tana koya mata, mu ma muna tsaye: wanke hannu da sabulu kafin da bayan taɓa ta, sa safar hannu wajen gyaran jiki, canja famfas da zarar ya jiƙe ba sai ya cika ba, wanke wurin da ruwan ɗumi a tsane shi da tawul ba gogewa ba, a shafa basilin kaɗan. Gyambon kansa kuwa Sista ce kaɗai ke taɓa shi, da ruwan gishirin asibiti da bandeji mai tsabta. Ta hana hodar kafso, ta hana toka da duk wani garin magani.

Juyin ma ashe ilimi ne. Mu da muke kama ta ta hamata mu ja, ashe muna gab da gurɗa mata kafaɗa, don hannun da ya shanye ba shi da naman da zai riƙe gaɓar. Aka koya mana ninka zani biyu a sa a ƙarƙashinta daga kafaɗa zuwa cinya, mutum biyu su kama gefe-gefe su ɗaga, ba ja ba. In an kwantar da ita ta gefe, ba a kan ƙashin kwatangwalo sosai ba, a ɗan kishingiɗe, filo a baya, filo tsakanin gwiwoyi, filo ƙarƙashin hannun dama, wani kuma ƙarƙashin ƙwauri yadda diddige zai rataya bai taɓa katifa ba. Filo bakwai muka tara, har na ɗakin baƙi. Ƙanina ya aiko da katifar iska mai aiki da lantarki, ta taimaka, amma da irin wutarmu ta Gombe sai da muka haɗa ta da batirin sola, kuma Sista ta ja kunnenmu cewa katifa ba ta ɗauke juyi.

Abinci shi ne inda muka fi kusa da hallaka ta ba mu sani ba. Tun a asibiti take tari in an ba ta ruwa, mu kuwa muna cewa sannu, mu ƙara. Ashe ciwon ya taɓa maƙogwaro, ruwa yana bin hanyar iska zuwa huhu, abin da ke jawo ciwon huhu, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu irin wannan lalura. Abu mai ruwa-ruwa ya fi saurin ƙware mutum fiye da mai kauri. Sai aka koma kunun gyaɗa mai kauri, faten dankali, tuwo mai laushi da miyar kuka, alala, ƙwai, kifi an cire ƙaya, don gyambo ba ya cikewa in jiki babu abinci mai gina shi. Ba a ba ta a kwance, sai an zaunar da ita sosai, cokali ƙarami, a jira ta haɗiye, a duba kuncin dama ko abinci ya maƙale, a bar ta zaune kamar rabin awa bayan ta gama. Tukunyarta daban, gishiri kaɗan, babu dunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ba, mu kuwa miyarmu ɗaya ta ninka haka. Daddawa da citta da tafarnuwa suka rufa mana asiri.

Rubutun Goggo ya so ya zama rigima. Ni ban hana addu'a ba, ina ni ina hanawa, amma kofi guda na ruwa a ɗura wa wadda ke ƙwarewa? Limamin masallacinmu ne ya raba gardamar, ya ce a yi mata tofi, a shafa mata, Allah Yana ji. Shi ne kuma ya warware wata matsalar da ta fi ƙarfinmu. Hajiya ta ƙi yarda ta ci abinci da hannun hagu. In an sa mata cokali sai ta saki, hawaye na zuba. Mace ce da ta shekara 60 tana buge hannun yara in sun kai hagu cikin kwano. Liman ya zo ya zauna daga bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, lalura ce, Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Ki yi bisimilla ki ci." Ya kuma tuna mata taimama da sallah a zaune ko a kwance. Washegari ta kai cokali uku bakinta da kanta, rabi ya zube a zani. Adda ta rubuta a littafi har da alamar mamaki.

Mai gashin gargajiya kuwa sau ɗaya ya zo, ba da sanina ba. Tawul da tafasasshen ruwa. Hajiya ba ta jin zafi sosai a wannan ɓarin, ba ta kuma iya cewa a daina, sai ga cinya ta tashi bororo. Daga ranar na kafa doka, babu mai taɓa ta da wani magani sai an rubuta a littafi an kuma tambayi Sista. Gashin da ya yi amfani shi ne na asibiti, wanda babu wuta a cikinsa sai motsa gaɓoɓi. Da farko muna kai ta sau biyu a mako, amma ɗaukar ta zuwa Keke Napep da zaman layi yana gajiyar da ita fiye da amfanin, ga kuɗin abin hawa ya ninka bayan cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun shekarar. Sai muka daidaita da wata ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi tana zuwa gida sau ɗaya a mako, ta nuna, Adda da Auta su maimaita safe da yamma: buɗe yatsu, lanƙwasa gwiwa, zama a bakin gado, daga baya tsayuwa da dafa bango.

Akwai gyaran da ba ya cikin layukan littafin, kuma a wurina ya fi su duka. Wata rana ɗaki cike da 'yan dubiya, wata tana cewa, "Allah sarki, haka wance ta yi, wata uku ta rasu," wata tana tambayar maiɗakina, "Tana gane mutane kuwa?" Hajiya tana kwance a tsakiyarsu, ido biyu. Sista ta shigo ta tarar, ta sallami kowa cikin ladabi, sannan ta ce da ni, "Malam, bakinta ne ya ɗaure, ba kunnenta ba. Duk abin da ake faɗa tana ji, mafi yawa kuma tana ganewa." Daga nan muka sa wa dubiya lokaci, bayan la'asar zuwa magariba, mutum uku-uku. An yi mana surutu, an ce mun hana dangi ganin 'yar'uwarsu, mun shanye. Muka kuma koyi tambayarta kafin a yi mata komai, tambayar da amsarta e ce ko a'a: a buɗe taga? Wannan zanin ko wancan? A rufe ƙofa in za a gyara ta, a lulluɓe inda ba a wankewa. Muka sayo ƙaramar ƙararrawa muka ɗaura mata a hannun hagu. Abin al'ajabi, matar da ba ta iya cewa "ruwa" sai ga ta tana bin Auta Fatiha tiryan-tiryan har ƙarshe. Ma'aikaciyar gashin ta ce an saba ganin haka, abin da harshe ya haddace tun ƙuruciya yakan tsira ko da sauran magana ta tafi. Da azkar ɗin safe muka fara jawo kalmominta ɗaya-ɗaya.

Na sayi na'urar awon jini ta batir, muna aunawa safe da dare a hannun hagu. Likita ya ce a riƙe shi ƙasa da 140/90, kuma magani ba na ranar ciwon kai ba ne, na kullum ne. Ranar komawa asibiti na miƙa masa littafin maimakon in ce "da sauƙi." Ya yi ta buɗa shafuka, ya ga awon dare yana hawa, ya gyara maganin nan take. Bai taɓa ɗaukar minti biyar a kanmu ba sai ranar.

Na sha zama ina tunanin gidajen da babu Sista a bayan layinsu. A takarda ba a bar mu haka ba. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta tanadi asusu na musamman domin masu rauni, akwai cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, a nan jiha akwai GoHealth, hukumar inshorar lafiya ta jihar Gombe, an kuma gyara asibitocin matakin farko a mazaɓu. Duk wannan alheri ne. Amma tsarin lafiyarmu kusan gaba ɗayansa an gina shi ne a kan mara lafiya ya taso ya zo, alhali wanda ya fi kowa buƙata shi ne wanda ba ya iya tasowa. Da za a ce duk wanda za a sallama da irin wannan ciwo sai an zaunar da masu jinyarsa awa ɗaya an nuna musu juyi da ciyarwa, a kuma sanar da ma'aikacin lafiya na mazaɓarsa ya leƙa shi ko sau ɗaya a mako, da gyambon Hajiya bai fito ba. Wata uku da rabi ya ɗauka kafin ya rufe, kuɗin bandejinsa kaɗai ya isa a biya wannan awa ɗayar sau ba adadi. Mata irin Adda kuma suna nan birjik a unguwanni, sun iya haƙuri, sun san jinya, horon 'yan makonni da shaida kawai suke buƙata ya zama sana'a mai daraja.

Saura maganar dare. Da aka raba, ni na ɗauki juyin ƙarfe 2 da na 4, ni da Auta, don maiɗakina ta samu barci. Faɗarsa ya fi yinsa sauƙi. Hajiya ba ta taɓa kiran sunana ba tun da ta haife ni, "yaron nan" take cewa ko da furfura ta fito mini. Ban taɓa zama a bakin gadonta ba. Daren farko da na shiga, tana ganina ta juya fuska bango ta runtse ido. Na tsaya riƙe da gefen zani, hannuna yana rawa. Na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, juya ki za mu yi." Ba ta motsa ba. Muka ɗaga, muka jera filo, na rubuta sunana a littafi karo na farko, na fita tsakar gida na daɗe a tsaye. Gyaran jiki na mata ne, ban taɓa shiga ba, amma juyi da ɗagawa da zaunarwa sun zama nawa. Kusan wata guda tana kawar da kai. Daga baya ta daina runtse ido. Wani dare ina gyara mata filon ƙafa na ji ta ce, a hankali, kalma tana tuntuɓe da kalma, "Allah... albarka."

Muna cikin littafi na huɗu, lokacin hunturu ya shigo, barci ya sace ni. Na farka a firgice na ga 3 saura, na yi wuf na nufi ɗakinta ina jiran jin ƙararrawa, shiru. Auta tana ta barci a kan tabarma. Na haska fitilar waya. Da ƙarfe 12 an rubuta an kwantar da ita ta dama, ga shi kuwa tana kwance rigingine ta ɗan karkata hagu, ta kama ƙarfen gado da hannu mai lafiya, ta tura filon baya ya faɗo ƙasa, numfashinta yana fita a natse. Na ɗauki filon na kakkaɓe na sa mata ƙarƙashin hannun dama. Na jawo biron da ke rataye, a layin lokaci na sa 2:50, a layin suna kuma na rubuta: Hajiya.